Tsakaninmu Mata: Auta Za Ta Akra

Tunda ofis sun ce ke za ki je taron Akra, Auta, matso nan kusa. Hajiya Babba, don Allah a turo mana ƙofar, akwai abin da ba na so ya kai kunnen masu gida.

Na san yadda tafiyar za ta kasance in an bar ki. A ɗauko ku daga filin jirgi a sauke ku a otal, ko a Ridge ko a unguwar da ke kusa da filin jirgin, da safe a shiga zauren taro, sai biyar na yamma a fito. Rana kuwa a Akra ba ta jira, rani da damina wajen ƙarfe shida ta faɗi. Ki yi Magariba, ki ce bari ki ɗan miƙe bayanki, sai kiran asuba. Ki dawo mu ce yaya Gana, ki ce lafiya lau. Haka yawancin ma'aikatanmu suke yi, maza da mata. Lokacin da yake naki kaɗan ne: sassafe kafin a zauna, maraice bayan an tashi, in an yi sa'a da yini guda na ƙarshe. Shi za mu raba yanzu, tun ba ki hau jirgi ba.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Fasfonki ya wadatar, ɗan Najeriya ba ya neman biza, amma katin nan rawaya na allurar shawara ki cusa shi cikin fasfon tun daga gida, don suna tambaya. Daga nan sai kin bi ta Abuja ko Legas, daga Legas kuwa tafiyar wajen awa ɗaya ce. Agogonsu yana bayan namu da awa guda. Kuɗinsu sidi ne, ki tafi da dala ki canja a shagon canji mai lasisi, naira ba ta da kasuwa sosai a can. A 2007 suka cire sifili huɗu daga kuɗin nasu, amma har yau sai tsohuwa a kasuwa ta ce miki abu dubu hamsin alhali sidi biyar take nufi, kada gabanki ya faɗi. Mota kuma Uber da Bolt suna aiki. Ƙananan bas ɗinsu da ake kira trotro suna da araha, amma sai da ɗan gari. Duk abin da kika ci ko kika hau ki karɓi rasit, kin san halin akantanku. Sannan duk wani kaya mai zanen kakin soja a bar shi a gida, ko jaka ce, farar hula ba ya sa shi a can.

To, safiya. Karin kumallon otal ki yafe shi ko sau ɗaya, ki sa direba ya kai ki Nima ko Mamobi, daga Ridge ba nisa in kin riga cunkoso fita. Tun daga bakin titi za ki fara jin Hausa, kowa yana ta ina kwana. Kokonsu na gero ne, ya sha citta da kanumfari da barkono har yana kama maƙogwaro, a zuba miki madara da soyayyar gyaɗa in kina so, ga ƙosai da zafinsa. Duk faɗin birnin ana sayar da shi, kuma da sunanmu suke kiransa, kokon Hausa.

Amma abin da na aike ki ki ci shi ne waakye. Ke kuma Malama, ki bar yatsine fuska, ba garau-garau ba ce. Shinkafa da wake ne, ƙwarai, amma da karan dafi ake dafa su, sai su fito da wani ja mai duhu da ƙamshi nasu na daban. Za ki tarar da layi, masu kwat da 'yan makaranta da direbobi, duk suna kiran mai abincin Hajiya ko Amarya. In layi ya zo kanki sai ta shimfiɗa wani koren ganye mai faɗi a tafin hannunta, ta ɗebo shinkafar ta kwantar, ta dube ki. Ke za ki riƙa faɗa, ita tana ɗorawa: taliya kaɗan, garin rogo da aka murza da mai, dafaffen ƙwai, ganda, kifi ko nama, soyayyar ayaba. Ta kwarara miyar tumatir a gefe guda, a ɗaya gefen ta ɗiga shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da mai da busasshen kifi da jatan lande har ya yi duhu. Ta naɗe ganyen ta miƙo miki. Zafin abincin yana ratsa ganyen, ƙamshinsa ya shiga cikin shinkafar, shi ya sa na roba ba ya kama ƙafar wannan. Ki je da wuri, tukunyar masu suna ba ta kai azahar. Kuma in za ki gabatar da takarda a ranar, ki rage loma, don nauyinsa sai ya sa ki gyangyaɗi a gaban shugabanni.

Hajiya Babba tana tambaya me ya kai Hausa can haka. Goro ne, Hajiya. Fataucin Gwanja da kakanninmu suke ba da labari, da jakuna daga Kano da Katsina har Salaga, a ƙasar Gana ta yau aka yi shi. Bayan fatake sai malamai, sai kuma sojojin da Turawan Ingila suka ɗauko suka yi yaƙin Asante da su a 1873 zuwa 1874, waɗanda ake kira sojan Hausa. Sabon Zango na Akra Malam Bako ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, har yanzu zuriyarsa suna nan. Sai dai ki riƙe wannan, Auta: ba duk mai jin Hausa a zango ne Bahaushe ba. Akwai Zabarmawa, da Kotokoli, da Dagomba, da Moshi, da Fulani, da Yarbawa, Hausa ce kawai ta haɗa su. Hausar tasu ba ta cika raba mace da namiji ba, kuma ta sha kalmomin Turanci da na yarukan gari. Kada ki gyara wa kowa, kada ki yi dariya. Mutanenmu suna da wannan halin na zuwa garin wasu su nuna su ne masu abu, kuma 'yan zango sun gaji da shi. In kin gaishe su da ladabi kin ce daga Kano kike, za ki ga karamci har ki rasa inda za ki sa kanki.

Idan taron ya haɗa da Juma'a, ki nemi izini ki je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, dab da Nima. Turkawa ne suka gina shi da fasalin masallatan Istanbul, hasumiya huɗu da ƙubbobi, aka buɗe shi a 2021, an ce yana ɗaukar mutum dubu 15. Wurin mata yana da fili. Ki tsaya bayan sallah ki kalli kwalliyar matan zango, leshi da shadda da mayafai, ki ga ba mu kaɗai muka iya ba. Babban limamin ƙasar, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, an haife shi a 1919, kuma Kirista da Musulmi duk girmama shi suke. A 2019, da ya cika shekara 100, ya je cocin Katolika ranar Ista ya zauna da su don zumunci. Wannan zai nuna miki irin zaman da suke yi. Musulmi ba su ne masu rinjaye ba, amma ba wanda zai kalli hijabinki sau biyu.

Cin rana da na dare tare da abokan aiki, nan ne sai kin buɗe ido. Da an fita daga zango, alade abinci ne a wurin mutane da yawa. A kasuwar dare ta Osu za ki ga wani nama jajir da yaji yana ƙyalli a tire, sunansa domedo, alade ne, ki wuce. Miyar sakwara kuma wani lokaci ana haɗa nama iri-iri a tukunya ɗaya, har da na daji da dodon koɗi. Ki tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Mafita mai sauƙi ita ce kifi, kuma a kifi ba a fi su ba. Ki ce banku da gasasshen karfasa. Banku tuwo ne mai ɗan tsami, na ƙullun masara da rogo, a kawo shi da kifi guda cur da ɗanyen barkono da albasa da aka daka a kasko. Da hannu ake ci, a kawo miki ruwa da sabulu har tebur. Dokunu ma haka, wanda ake naɗewa da bawon masara, shi ya fi tsami da tauri, ba kowa yake so a karon farko ba. Akwai wake da manja da soyayyar ayaba, wanda ba ya ba mutum kunya. In kewar gida ta taso, tuwo zafi da miyar ayoyo yana nan, ranar Lahadi kuma tuwon shinkafa da miyar gyaɗa suke yayi. In baƙi za ki kai inda za a zauna a natse, gidan abinci na Buka da ke Osu yana yin na Gana da na Najeriya. Ki dai lura, a irin waɗannan wurare kuɗin da ke jikin takardar abinci ba shi ne ƙarshe ba, ana ɗora haraji kala-kala a kan rasit.

Za su tsokane ki da zancen dafa-duka, wai tasu ta fi tamu. Ki yi dariya ki ci. Tasu da shinkafa mai ƙamshi ake yi, kuma tsakaninmu, ba laifi. In hira ta yi daɗi wani zai jawo zancen korar 'yan Gana da aka yi a 1983 zamanin Shagari, wadda ta bar wa jakar nan suna. Wani daga cikinku zai so ya rama da cewa su suka fara korar namu a 1969 zamanin Busia. Duka biyun gaskiya ne, amma ba a teburin aiki ba. Su mutane ne masu sanyin magana, komai sai sun haɗa da roƙo da godiya, kallon masu ɗaga murya suke yi mana. Ki sassauta harshe da ma'aikatan otal, kada ki miƙa komai da hagu, in kin shiga taro ki fara gaisuwa daga dama.

Wuraren kallo ba sai kin gama su ba. In awa biyu kawai kike da ita, ki kashe ta a makwancin Kwame Nkrumah. A wannan fili, inda Turawa suke wasan folo a da, ya tsaya ya shelanta 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023, ya yi kyau sosai. Kabarinsa yana cikin wani gini na marmara, kusa da shi ga na matarsa Fathia, 'yar Masar, wadda ta rasu a 2007. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani mutum-mutuminsa da aka farfasa lokacin juyin mulkin 1966. Ba su ɗinke shi ba. Gangar jikin tana tsaye ba kai, kan kuma an ɗora shi a gefe a kan wani dakali nasa. Mutumin da suka kora, ya mutu a Romaniya a 1972, yau shi ne abin alfaharinsu, amma sun bar shaidar abin da suka yi masa a fili kowa ya gani. Ni dai na jinjina musu a kan wannan.

Daga nan filin Black Star da ƙofar 'yancin kai ba nisa, ki tsaya ki ɗauki hoto ki wuce, fili ne kawai in ba biki ake ba. Kusa da fadar shugaban ƙasa da wuraren sojoji kuwa ki mayar da wayarki jaka. Jamestown ta fi rai, tsohuwar unguwar masunta ta ƙabilar Ga, masu garin. Ga hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari, ga kurkukun James Fort inda aka tsare Nkrumah, yana ciki ya ci zaɓe a 1951 aka fito da shi. Daga lungunan Bukom da ke nan ɗan dambe Azumah Nelson ya fito, har yanzu yara suna koyon dambe a bakin hanya. Ki je da wanda ya san unguwar, kuma kada ki ɗauki mutum hoto ba izini. Ranar Talata ba sa shiga teku, al'adarsu ce, sai ki tarar da kwale-kwale jere a bakin ruwa ana ɗinkin koma.

Akwai abin kallon da ba a biya. In motarku ta biyo ta asibitin sojoji na 37 dab da Magariba, ki ɗaga kai. Jemagu ne dubbai a manyan bishiyoyin bakin titi, da rana suna rataye, rana na faɗuwa su tashi gaba ɗaya su rufe sama. In kin samu yini guda, lambun Aburi yana kan tsauni, tafiyar wajen awa ɗaya, da sanyi, tun 1890 aka kafa shi. Gidajen da aka tsare bayi a Cape Coast da Elmina sun cancanci gani, amma awa uku ne ko fiye kafin ki isa, ga cunkoson garin Kasoa a hanya. Kada ki kuskura ki je ranar da jirginki zai tashi.

Kasuwa kuwa Makola. Ki sa takalmi mara tsini, ki rungume jakarki ta gaba. Atamfar GTP da Woodin, dutsen wuya na Krobo, sabulun salo, man kaɗe, da cakulan Golden Tree, tunda bayan Kodebuwa ba mai noma koko kamar su. Kente na gaske saƙar hannu ne, ƙyalle-ƙyalle ake ɗinkewa, yana da nauyi da tsada. In an ba ki da araha to bugun inji ne. Shito na kwalba ki sa a babban akwati, ki naɗe shi da leda biyu. Za ki ga 'yan mata da manyan kwanoni a ka suna bin ki su ɗaukar miki kaya, yawancinsu daga arewacin ƙasar suke, wasu da goyo. Kada ki yi ciniki da su, ki ba su fiye da abin da suka ce.

Yanzu ga dalilin rufe ƙofa. Malama ta riga ta ɗaure fuska, wai matar aure da fitar dare. Malama, ki bari in gama. A irin wannan tafiya, rabin abin da ake yankewa ba a zauren taro ake yanke shi ba, a teburin cin abincin dare ne. Can ake cewa wa za a gayyata taro na gaba, wa za a sa a kwamiti. In kullum Auta tana ɗaki, mazan ofis ɗinsu su ne za su dawo da lambobin waya, ita ta dawo da jakar taro da biro. Don haka ki fita, amma ke za ki zaɓi wurin, ke za ki zaɓi lokacin tashi.

Wurin da zan iya kai ko yayata shi ne +233, lambar wayar ƙasar ce suka sa masa suna. A fili yake, tebura da kujeru, makaɗa suna kan dandali da ƙahonni da jita suna kiɗan highlife da jaz, manyan mutane da matansu ne suka fi yawa, ga tsire da gasasshen kifi. Kiɗan highlife nasu ne tun zamanin E.T. Mensah, kuma in aka taɓo waƙar marigayi Daddy Lumba za ki ga dattijo mai furfura ya ajiye cokali ya miƙe. Ana shan giya a wurin, ba zan ɓoye miki ba. Ki ce a ba ki maltina ko ruwan kwakwa, ba mai tambayarki dalili. In kina son ganin birnin daga sama akwai Skybar 25 kusa da filin jirgi, amma tsada ce tsagwaronta, ki bari sai in ofis ne zai biya. Babban ɗakin wasanni na ƙasa, wanda Sinawa suka gina a 1992, da cibiyar Faransawa ta Alliance Française suna shirya wasan kwaikwayo da kiɗa, ki sa ma'aikatan otal su duba miki abin da ke akwai a makon. Titin Oxford na Osu kuma ki taka shi da ƙafa tsakanin Magariba da ƙarfe tara, ke da wata. Ki nemi mai kelewele, ayaba ce nunanniya da aka yanka ƙanana aka cuɗa da citta da barkono aka soya, a zuba miki a takarda da gyaɗa. Sai dare ake fitowa da ita.

Ki kula da zoɓo. Suna yin sa da kyau, sobolo suke ce masa, na kwalba a zango ki sha ki more. Amma a mashaya akwai inda suke haɗa shi da akpeteshie, wata barasa ta gida mai ƙarfin tsiya, a kawo shi jajir da ƙanƙara da na'ana'a, ido ba zai raba miki su ba. Duk abin da aka miƙo miki a kofi ki tambayi abin da ke ciki, in kin tashi kin bar shi kada ki dawo masa. Gidajen rawa na Osu da East Legon ba sa cika sai bayan sha biyun dare, ba namu ba ne, ko an ce leƙawa kawai za a yi. Bakin tekun Labadi ranar Lahadi da yamma akwai dawaki da kiɗa da masu wasa, ki je ki sha iska, amma kada ki shiga ruwan ya wuce idon sawu, yana ja ta ƙasa. Da duhu ya yi ki bar wurin.

Sai abin da ba a faɗa a ofis. A tafiya ne wasu mazan suke manta kansu. Wanda a gida ko ido ba ya iya haɗawa da ke, a can sai ya bugo wayar ɗakinki ƙarfe goma sha ɗaya wai ku duba takardar gobe. Ki ce a haɗu a falon otal da safe, ki ajiye. Ki nemi mace guda a taron tun ranar farko, ko 'yar Kenya ce ko 'yar Saliyo, ku riƙa fita tare ku dawo tare. Motar dawowa ke za ki kira da wayarki, ki duba lambarta kafin ki shiga. In an zo hoton tebur ki dubi abin da ke gabanki tukuna, kwalbar wani a kusa da hannunki ta isa ta zama labari kafin ki sauka Kano. Maigida kuma ki faɗa masa inda za ki tun kafin ki fita, da bakinki, kada ya gani a Facebook ɗin wani.

Wane wata ne ma taron? Yuni? To ki sa lema a kaya. Lokacin ruwa ne sosai, kuma in ya sauko da ƙarfi unguwannin kwari irin Circle da Kaneshie cika suke, in kin ga hadari ya haɗu ki zauna inda kike. Sannan daga wajen Mayu zuwa farkon Yuni sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, shirin bikinsu na Homowo, har coci-coci da masallatai ake cewa su mayar da lasifika ciki. In taronku ya faɗo cikin kwanakin, ki tambaya kafin ki ɗebi baƙi zuwa wurin kiɗa, don wasu wuraren sassautawa suke yi sai an ɗage.